Kaset ɗin Wankin Ido

Ku da kuke zaune a rumfar cajin waya kuna tura wa mutane fim a memori, na ji abin da kuka ce jiya. Wai aikinmu na da, na fassarar fim, ba sana'a ba ce, surutu ne: a kunna talabijin, ƙato ya tsaya a gefe yana zuba. Basiru ɗan ƙanena har da cewa in aka ba shi makirfo yau, gobe ya shafe ni. To Allah ya ba ka, Basiru. Amma tunda kun taɓo ni sai kun ji, domin wannan surutun da kuke rainawa ya taɓa sa an daina amsa mini sallama a Anka kusan shekara guda.

Aikin farko da Mande ya ba ni a Gummi shi ne goge kan bidiyo. Mande tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana zirga-zirgar Ikko, can ya tsinto Turancinsa. Da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi, ya dawo gida ya buɗe gidan kallo. Ni kuwa na gama firamare, gona ba ta so na, ni ma ba na son ta, Inna ta gaji da ganina a gindin bango ta tura ni wurinsa. Na tafi da tunanin washegari zan riƙe makirfo, sai ya miƙo mini sukundireba da farar takarda da kwalbar sipirit. Ka kwance murfi, ka ɗiga sipirit a takarda, ka ɗora ta a kan gangar nan mai sheƙi, ka juya gangar da yatsa a hankali. In ka kuskura ka goga sama da ƙasa, kan ya tashi aiki, ba mai gyara shi sai Sakkwato. Na koyi naɗe zaren kaset da biro in inji ya tauna shi, na koyi yanke wurin da ya lalace da reza in haɗa da siririn salatif. Da damina kaset yakan yi fumfuna. Da bazara inji yakan yi zafi har hoto ya riƙa rawa, sai ka zauna kana yi masa fifita kamar majinyaci. Wata biyar ina wannan ban ce uffan a lasifika ba.

Ranar da ya fara koya mini magana, ba kowa a zauren sai mu biyu. Ya sa kaset, na kasa kunne ina farautar kalmomin da na sani, na tsinci uku ko huɗu. Ya tashi da sandarsa ya kashe muryar gaba ɗaya.

"Mi kaka saurare, Labbo?" ya ce. "Kai da Turancin aji shidda? Aikin ga ba na kunne ba na, na ido na. Dibi huskatai. Wanga yunwa shika ji ko tsoro?"

"Yunwa, maigida."

"To ba shi maganam mai yunwa. In ya buɗe baki ka buɗe, in ya ruhe ka ruhe. Ka wuce shi da kalma guda ka zama mahaukaci."

Daga nan na san kowane kaset sau uku ake kallonsa kafin a kira mutane. Na farko da murya, don ka ji inda kiɗa ke tashi da inda ƙofa ke bugawa. Na biyu ba murya, ka bi fuska. Na uku kai ne muryar. Maƙogwaro ɗaya zai yi tsoho, ya yi mace, ya yi jariri, ya yi kare in ta kama, shi ya sa aljihuna ba ya rabuwa da citta da kanumfari. Abin da ya fi wuya kuwa shi ne shiru. In mutum ya faɗo daga bene, faɗuwar ta isa, in ka sa baki ka kashe dariyar. Shekara biyu na yi kafin in iya rufe bakina a inda ya dace, kuma za ku ji cewa ban gama iyawa ba.

Da lokacin nan ya zo da aka rurrufe gidajen kallo a jihar nan, Mande ya ce shi ya tsufa da jayayya. Ya ba ni inji ɗaya da talabijin da buhun kaset, ya koma sayar da kayan babur. Na dawo Anka na durƙusa gaban dattawan unguwa, muka yi magana ta fahimta: ba rawa, ba fim ɗin soyayya, ba kallon dare, da an kira salla a kashe inji. Na samu zaure kusa da kasuwa, ina nunawa daga bayan azahar zuwa la'asar, in rataya bargo a ƙofa don duhu. Da na zazzage buhun na ware abin da ya cika sharaɗi, sai na ga katun, wato fim ɗin zane, shi kaɗai ya rage mini. Na ɗauka tawa ta ƙare, ashe abincina ke nan na shekara goma.

Katun ɗin na wani iyali ne na Turawa, an daɗe ana yin sa, su kuwa ba sa girma ba sa tsufa. Akwai uba mai gyaran famfo wanda duk abin da ya taɓa sai ya fashe, da matarsa mai faɗa, da tagwaye maza, da kaka kurma, sai 'yar auta mai tatata wadda ba a raba ta da cokali. Sunayensu na Turanci ba mai iya riƙewa, don haka al'adarmu ita ce a raɗa musu sunayen 'yan kallo. Mai gyaran famfo ya zama Ɗanjumma mai faci, yana benci na biyu yana zagina yana share hawayen dariya. Wanda na sa sunansa, mako guda ana tsokanarsa a kasuwa, kuma ya fi kowa jin daɗi. Har goro ake kawo mini don in sa sunan mutum.

Sau ɗaya a shekara masu katun ɗin nan sukan yi na ban tsoro. Mande ya ce wani biki ne na Turawa da suke fafe kabewa su yi mata ido da haƙora. Gajerun labarai uku ne a kaset ɗaya, suna kwaikwayon finafinan tsoronsu suna yi musu shaƙiyanci. Firiji ya haɗiye kaka ya tofo haƙoranta na roba. Inuwar uba ta gaji da shi, ta kore shi daga gida ta zauna da iyalinsa, su kuma suka ce ta fi shi hankali. A irin wannan kaset kowa mutuwa yake yi, a labari na gaba ka gan shi garau. Mu nan da muka san iska da maita ba abin wasa ba ne, dariyarmu takan fito da tsoro a ƙarƙashinta. Ba kaset ɗin da ke cika zaure kamar mai kabewa.

Doka biyu Mande ya kafa mini a kansa. Ta farko, kada ka sa sunan mai rai sai ka kalli kaset har ƙarshe ka san abin da zai same shi. Ta biyu, kada ka sallami mutane a kan tsoro. In labari na uku ya ƙare, ka zare shi ka sa kaset na yau da kullum, ko na minti biyar ne, a ga iyalin nan zaune suna cin abinci kowa da ransa. Shi muke kira wankin ido. Ina da kaset guda da na ware don haka, na ɗaura masa jan zare, kullum yana naɗe daidai wurin cin abincin.

Shekarar da zinari ya buɗe a ƙauyukan nan, zaurena ya ga baƙin da bai taɓa gani ba, Katsinawa da Zabarmawa da wasu da ban san yarensu ba, jikinsu fari fat da garin dutse. Cikin 'yan gida akwai Altine, mutumin Duza, manomi ne da ya sayi injin niƙa ya kafa a tsakar gidansa, ana kawo masa dutse daga rami yana mai da shi gari. Mutum ne mai shiru, ko dariya zai yi sai ya sunkuyar da kai. Duk ranar kasuwa yakan zo da 'yarsa a wuya, 'yar shekara biyu da wani abu. Ayashe ake ce mata. Kun san irin sunan, uku aka binne kafin ita. Wata rana bayan an tashi ya tsaya, ya ajiye goro biyu a kan talabijin.

"Malam Labbo, wagga mai cokali, an yi mata suna?"

"Ba a yi ba."

"Sa mata Ayashe. Awa ita ta, ba ta aje cokali."

Na sa. Daga ranar, duk sanda na ce Ayashe, sai yarinyar ta waiwayo ta dubi lasifika tana neman mai kiranta, zaure ya ɗauki dariya. Altine ya sunkuyar da kai yana murmushi. Haka muka yi damina guda.

Kaset ɗin da ya ja mini, direban Gusau ne ya kawo shi da hantsin ranar kasuwa. A lokacin faifai ya fara korar kaset, amma akwai wani a Gusau da ke kwafa mini don tsohon injina. Masu haƙa suka ga kabewa a jikin kwalin tun a tasha, kafin azahar labari ya zaga. Zaure ya cika har ana zama a cinyar juna, ga zafi kamar bakin tanderu. Na ce wa kaina, shekara goma ina yi wa iyalin nan magana, na san su fiye da dangina, mene ne sai na kalla? Na tada janareta na tura kaset.

Labari na farko da na biyu sun tafi lafiya, har na fara yabon kaina. A na uku sai ga 'yar auta a bayan gida tana tonon ƙasa da cokalinta. Ƙasar ta yi sheƙi, masu zinari da ke cikin zaure suka yi ihun murna. Ni ina ta Ayashe ta tono, Ayashe ta yi arziki. Sai rami ya buɗe, wasu hannuwa suka fito suka ja ta ciki, ƙasa ta koma ta rufe, cokali kaɗai ya rage a sama. Uban ya fito a guje, ya dubi wurin, ya ɗauki cokalin ya goge a riga ya koma ya ci gaba da cin abincinsa. Nan ne abin dariyar, kuma nan ne ya kamata in yi shiru. Amma bakina ya riga ya ɗauki gudu. Da muryar nan tawa ta wasa, lasifika na kaiwa har layin masu nama, na ce, "Ayashe ta tahi. Ƙasa ta haɗiye Ayashe, sai cokali." Zaure ya kece da dariya, ni ma na yi.

Na zare shi na tura mai jan zare. Inji ya yi gurnani, na ji ƙaurin roba, bel ya tsinke don zafi. Ina ƙoƙarin kwance murfi aka kira la'asar, sharaɗi kuwa sharaɗi ne. Na kashe janareta, na yaye bargo, mutane suka fita suna maimaita maganata. Altine ne kaɗai bai fita ba, yana tsaye da yarinya a wuya.

"Malam Labbo," ya ce, "to ina ta hito?"

Da na ce masa ya dawo bayan salla, da na ɗaure bel ɗin ko da robar taya ce na nuna masa shi kaɗai. Aikin rabin awa ne. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na yi dariya na ce, "Haba Altine, katun na hwa. Sati mai zuwa ta hito." Ya dube ni, ya gyara mata zama a wuya, ya fita. Yarinyar tana ɗago mini hannu har suka sha kwana.

Sati mai zuwa ba su zo ba. Na ji an ce jijjiga ta kama ta, idanu sun kakkafe. Kafin kasuwa ta sake zagayowa an binne ta.

Magana zarar bunu ce. Waɗanda suka ji ni daga layin masu nama ba su ga katun ba, ba su ga kabewa ba, abin da suka ji shi ne Labbo ya kira sunan yarinya a lasifika ya ba ƙasa. Mahaifiyar Altine, Inna Kulu, ta faɗa a gaban mata a gidan makoki cewa mai bakin nan na Anka shi ya cinye mata jika. Na je Duza ta'aziyya, na zauna a tabarma, mutum uku suka tashi suka koma wata. Altine ya karɓi hannuna ya amsa gaisuwa. Sai yara suka ci gaba da mutuwa, a Duza, a Sunke, a Tungar Daji, duk da irin jijjigar nan. Duk uban da ya taɓa kawo ɗansa zaurena sai ya tuna. Ɗanjumma mai faci, abokin wasana na shekara goma, ya zo ya tsaya daga waje ya ce don Allah in cire sunansa daga famfo. Na gyara inji, na tada janareta ranar kasuwa uku ina yi wa benci magana, sannan na haƙura na koma gyaran rediyo. In na bi layi mata sukan janye 'ya'yansu. Abin ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba. Akwai ranakun da ni kaina na yarda bakina ne.

Bayan watanni likitoci suka zo ƙauyukan, suka auna jinin yara, suka auna ƙasa. Suka ce dalma ce a cikin dutsen. In an niƙa shi a gida garin yakan sauka a tsakar gida, a kan ƙwarya, a kan tabarma, yaro mai rarrafe ya shafa ya kai baki. Aka shiga kankare ƙasar gidaje ana kwashewa. Na ji sanyi a raina irin wanda ban taɓa ji ba. Har na ƙudura ranar kasuwa zan ɗaura lasifika a bishiya in ce jama'a kun ji ko, ina masu cewa bakina ne? Kafin nan na hau mota zuwa Gummi in kai wa Mande albishir. Na same shi a shago yana jera fulogi. Ya saurare ni har na gama.

"To an wanke ka," ya ce. "Wa anka shahwa ma?"

"Ban gane ba, maigida."

"Injin niƙan ga, cikin gidan wa shike?"

Sai na tuna tsakar gidan Altine.

"Aje lasifikakka," ya ce. "Kai dai doka biyu kak karya rana guda. Wagga ba likita ka wanke ta ba."

Na dawo Anka ban ɗaura komai a bishiya ba.

Ina cikin liƙe wayar wata rediyo da hantsi, ranar da ba kasuwa, na ga inuwa a ƙofa. Altine ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ji an ce ya sayar da injin niƙa ya koma gona. Muka gaisa, na jawo masa benci, ya zauna yana duban talabijin da na lulluɓe da tsohon zane.

"Malam Labbo, ka gyara injin?"

"Na gyara tuni."

"Ka ce sati mai zuwa," ya ce.

Na tashi na rataya bargo, na kaɗe talabijin, na tada janareta. Mai jan zare yana nan inda na bar shi. Na ɗauki makirfo don sabo, sai na ga ba amfani, mu biyu ne, na ajiye. Na ce masa na yi rantsuwa ba zan ƙara sa sunan kowa ba, zan ce yarinya kawai.

"Kira ta da sunanta," ya ce. "Yanzu mi bakinka ka iya yi mata?"

Hoto ya fito. Ga su a tebur, uba ya zubar da miya a riga, uwa tana faɗa, tagwaye na jifan juna da burodi, kaka ta yi barci da loma a hannu. Ga 'yar auta a kujerarta tana buga cokali. Na ba ta murya kamar yadda na saba. Ayashe ta ce a ƙaro. Ayashe ta cinye nata ta jawo kwanon kaka. Ayashe ta ce wa za ya hana ta. A nan muryata ta tsaya, wadda ba ta taɓa tsaya mini ba tun Gummi, sai na bar hoton ya yi aikinsa. Da wurin ya wuce ya ce in maido baya. Na maido. Sau uku muka kalla, na ukun ba wanda ya yi magana.

"Ta ci da yawa yau," ya ce, ya sunkuyar da kai yana murmushin nan nasa.

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya kama bargon bai yaye ba.

"Inna na nan tana cewa bakinka na. Likita sun yi mata bayani, ta ƙi ji. Ta san abin da taka yi, Malam Labbo. In ba bakinka ba na, to hannuna na." Ya ɗan tsaya. "Ka bar ta ta ce."

"Na bar ta," na ce.

Ranar kasuwar da ta biyo ya zo ya zauna a bencin gaba shi kaɗai, inda duk mai wucewa zai gan shi. Aka leƙo, aka koma, aka sake leƙowa. Ɗanjumma ne ya fara shigowa, yana tari yana cewa zafi ne ya koro shi. Zauren ya ɗan farfaɗo, ya yi abin da ya rage masa, har wayoyinku suka zo suka ƙarasa shi. Kaset mai kabewa na ci gaba da nunawa, sai dai ban ƙara tura wanda ban kalla ba, kuma ina ajiye bel biyu a aljihu tare da citta.

Kai Basiru, ka taɓa tambayata me ya sa har yau wasu tsofaffin Duza ke ce mini mai baki ina jin su ba na tankawa. To ka ji dalili. Inna Kulu ta yi shekaru bayan haka. Duk sanda muka haɗu a kasuwa takan kau da kai ta tofar da yawu, ni kuma in durƙusa in gaishe ta. Har ta koma ga Allah tana cewa bakina ne, ban taɓa musa mata ba.